Fatalwar Aro Ba Ta Tsorata Ɗan Tambuwal

'Yan'uwa marubuta, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani rubutu da wani matashi daga ƙasar Kebbe ya aiko mana don mu duba masa. Yaron yana da hannu, Hausarsa kuma garau take. To amma da muka shiga babi na uku sai muka tarar da jarumin labarin a cikin wani kango mai ƙararrawa da kyandirori, wasu matattun ruhubanawa masu dogayen riguna sun taso daga kabari suna bin sa da sarƙoƙi. Kuma wai duk a bayan garin Kuchi ake wannan artabu! Muka ce ikon Allah, yaushe Kuchi ta yi gidan ruhubanawa har suka mutu suka tashi?

Ba sai an yi duba ba, mun san inda ya samo su. Duk wanda ya leƙa gidajen gem a Tambuwal ko Dogon Daji zai ga yara sun duƙufa a kan PlayStation, wasu kuma a wayoyinsu, suna sarar irin waɗannan halittu. Kamfanin Konami na Japan ya fito da Castlevania a 1986, Dark Souls ya biyo baya a 2011, sannan Blasphemous na wasu 'yan Sifaniya a 2019. Ba mu zo yaƙi da wasan ba. Rigimarmu da marubucin da ya kwaso kayan wasan ya zuba a littafi ba tare da ya tambayi asalinsu ba.

To ga asalin. Tsakanin 1536 da 1541 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen ruhubanawan Katolika na Ingila, ya ƙwace dukiyarsu, gine-ginen suka zama kufai. Jikokin waɗanda suka ga haka sun tashi suna kallon kangayen nan, ga kuma tsohuwar gaba tsakanin Furotesta da Katolika. Daga nan aka sami irin labaran da Horace Walpole ya buɗe wa ƙofa a 1764, Matthew Lewis ya rubuta The Monk a 1796, Bram Stoker kuma ya kawo Dracula a 1897. Ashe mataccen rahibin nan yana da uwa da uba: tsoron Bature ne, da rigimar addininsa, da kufan garinsu. In Bature ya gan shi gabansa zai faɗi, domin tarihin kakanninsa ne ya taso masa. Shi kuwa mai karatu a Sanyinna me zai ji? Dariya kawai. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce ai sai a musanya, a cire rahibi a sa malami da rawani. Wannan ya fi na farko muni. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, mutanensa sun san darajar kabarin malami. Kuma tun muna makarantar allo aka koya mana cewa wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa yawo. Ko fatalwar da ake ba da labarinta a dandali, malamai cewa suke aljani ne ya ɗauki siffar mamaci. Marubucin da bai san wannan ba, bai san mutanen da yake rubuta wa ba.

Akwai kuma wasu daga cikin manyanmu da ke cewa a bar labarin ban tsoro baki ɗaya, wai shirme ne. Su ma ba mu tare da su. Sun manta aljanun da Alhaji Imam ya yi karo da su a Ruwan Bagaja, da waɗanda ke cikin Ganɗoki na Bello Kagara, littattafan da suka fito daga gasar 1933? Sun manta waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u da malaman zamaninta, waɗanda ke siffanta kwanciyar kabari da hisabi har tsikar jiki ta tashi? Tsoro tsohon ɗan gida ne a adabinmu. Dubi Yarabawa: D. O. Fagunwa ya shiga dajin kakanninsa a 1938, Amos Tutuola ya bi sawunsa a 1952, duniya ta karanta su. Ba su je Ingila aron dodo ba.

Mu me muka rasa? Ga maye mai kama kurwa. Ga Doguwa a gindin tsamiya, ga mutumin da ake cewa yana rikiɗa kura, ga 'yan ruwa da masunta ke ba da labarinsu. Wane marubuci ne ya zauna da tsofaffin mafarauta da 'yan tauri na ƙasar Kebbe ya ji abin da ke bakinsu kafin ƙasa ta rufe su? Kuma a nan ne aikin yake da nauyi, domin zargin maita ya raba aure, ya kori tsofaffin mata daga gidajensu. Littafin da zai sa mai karatu ya ji tsoron maye a farko, a ƙarshe kuma ya gane cewa masu jifan tsohuwar sun fi mayen ban tsoro, ya yi wa al'umma aikin da matattun ruhubanawa dubu ba za su yi ba.

Su masu Blasphemous ɗin nan daga majami'u da bukukuwan garinsu Sebiliya suka ɗebo siffofinsu, shi ya sa wasan ya yi armashi. In akwai abin koyi a wurinsu, to wannan ne.

Mun mayar wa ɗan'uwanmu na Kebbe da rubutunsa, muka ce ya ajiye babi na uku, ya je ya kwana biyu wurin kakarsa da littafin rubutu a hannu. Muna jiran abin da zai dawo da shi. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba.