Zancen Gida: Kafin Hunturu Ya Sauka

Ruwan sama ya ɗauke ke nan. Duk wanda ya fito da asuba a Gyadi-Gyadi ko Tarauni cikin 'yan kwanakin nan ya ji iska ta soma juyawa, leɓe kuma ya soma bushewa. Tsakanin ɗaukewar ruwa a watan Oktoba da saukar sanyi sosai a watan Disamba akwai mako shida ko bakwai, ba su fi haka ba. A cikinsu ne ya kamata a duba abin ɗaukar kaya, a kuma kimtsa tsakar gida. Mu dai bara mun bar su sun wuce mu. Abin da ya same mu shi ne za mu ba ku labarinsa, ko da yake ba labarin alfahari ba ne.

A gidanmu muna da wata 'yar tirela mai taya biyu, wadda wani mai walda ya ƙera mana shekarun baya da ƙafafun tsohuwar Peugeot, irin motocin nan da aka soma haɗawa a Kaduna a 1975. Kada mai karatu ya zaci irin manyan tirelolin nan ne da ke bin hanyar Zariya dare da rana. Tamu amalanke ce kawai ta ƙarfe, sai dai maimakon shanu, akori-kurar maƙwabcinmu ce ke jan ta. Duk da haka zancen ya shafi mai kura, da mai amalanken shanu, har da mai baro, gama dukansu taya ne da ƙarfe da katako, cutarsu kuwa ɗaya ce.

Damina duka tana ajiye a bayan ɗaki, ciyawa ta fito ta rufe tayoyin. Cikin watan Nuwamba sai ƙanen uwargida, wanda ke noman rani wajen Kadawa, ya aiko a kai masa injin ban ruwa da mesa da buhu shida na takin zamani. Mutanen wannan yanki, watau Kura da Bunkure da Garun Malam, da ruwan madatsar Tiga suke noma, wadda aka gama ginawa a 1974. Gonarsa tana kan tudu, ruwa ba ya hawa sai da inji. Yana kuwa sauri, gama alkama ba ta jiran kowa: wanda bai shuka ba har tsakiyar Disamba ta wuce, zafin watan Maris zai riske ta tun ba ta cika ido ba.

Da muna ɗaura kaya, uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, abin nan fa ba a sa masa giris ba tun bara." Muka ce mata tafiyar ba nisa, kafin azahar mun dawo. Ɗanmu na biyu, mai shekara 14, ya roƙa a bar shi ya hau kan buhuna, wai don ya riƙe injin. Muka bar shi.

Mun wuce Unguwa Uku lafiya, mun wuce Na'ibawa. Muna dab da gadar Tamburawa sai muka ji wani kuka daga baya, siriri, kamar na injin niƙa idan hatsi ya ƙare a cikinsa. Sa'an nan ƙauri ya biyo baya. Maƙwabcinmu ya sauka gefen titi a hankali. Da muka fito, tayar hagu ta karkace, cibiyarta tana hayaƙi, ko yawu aka tofa mata sai ya tafasa. A daidai lokacin wata babbar tirela ta wuce, iskarta har ta girgiza mu. Muka dubi tayar, muka dubi yaron da ke zaune a kan buhuna yana dariya, bai san kome ba. Ba wanda ya yi magana a cikinmu. Da tayar ta fice muna cikin gudu, da ba wannan labari muke rubuta muku ba.

Wani saurayi makanike a bakin hanya shi ya kwance ta. Ya juye mana gutsattsarin boris a tafin hannu, sun yi baƙi ƙirin, ya ce, "Baba, yaushe rabon a buɗe wannan?" Muka rasa amsa. Ya ce, "Ruwa ne ya fara cin ta, tafiyar nan ta ƙarasa." Sai bayan kwana uku injin ya isa Kadawa, a motar haya, kuɗin da muka kashe kuwa da ya sayi giris na shekara goma.

Maganar saurayin nan gaskiya ce, ya kamata mu tsaya a kanta. Boris wasu ƙananan ƙarafa ne masu mirgina a cikin cibiyar taya, giris ne ke hana su goga juna. Da damina ruwa da laka sukan kutsa ciki, su tsinka giris, tsatsa ta kama. Abin yana zaune shiru ba ya nuna kome. Sa'ad da hunturu ya zo kuma sai ƙura ta shiga. Ƙurar nan ba irin ta bakin titi ba ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har Kano. Laushinta ya fi na garin tuwo, ba ramin da ba ta shiga. In ta gauraya da ragowar giris sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe kowane juyi.

Dubawa ba wuya. A ɗaga tayar da jak, ko a tokare ta da bulo in kura ce, a juya ta da hannu, a kasa kunne. Lafiyayya takan juya shiru. In an ji gurnani ko ƙaras-ƙaras, akwai magana. Sa'an nan a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga, in tana kaɗawa, ko noti ya saki ko boris ya ci. A kwance, a wanke da kananzir, a bari ya bushe, a cusa sabon giris da yatsa har ya fito ta ɗaya gefen. Kada a zuba baƙin mai maimakon giris, kamar yadda muke gani wasu masu kura suna yi. Yakan tsiyaye cikin kwana biyu, ya bar ƙarfe tsirara, ya kuma jawo ƙura.

Katako ma yana da nasa hali. Da damina yakan sha ruwa ya kumbura, da hunturu kuwa, lokacin da damshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ya tsuke. Notin da aka ɗaure tamau a watan Agusta za a tarar yana rawa a Janairu. Saboda haka sau biyu ake ɗaure shi, yanzu da kuma bayan sanyi ya yi wata guda. Falankin da ya ruɓe a canza shi, 'Yan Katako na Na'ibawa ba nisa.

Taya kuwa, ba zanenta kaɗai ake dubawa ba. A gefen kowace tayar mota akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 3519, an yi ta ne a mako na 35 na 2019. Tamu da muka duba, ta girmi yaron da ya hau kanta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, mu kuwa muna ji a rediyo kamar da wasu ake. A auna iska da safe wurin mai faci, tun taya ba ta yi zafi ba. A duba ƙusar da ke haɗa tirela da mota, a ƙara mata sarƙa, domin in ƙusa ta tsinke sarƙa ta riƙe. Fitilun baya su kama, gama cikin hazo direban da ke biye ba ya ganin abu sai ya zo kansa.

Wajen ɗora kaya, mai nauyi shi ke zama a kan tayoyi, ya ɗan matsa gaba kaɗan. In nauyi ya koma baya, tirela takan riƙa wutsiya hagu da dama har ta ja motar. Injin ban ruwa ko janareta a tsaye ake ɗaukarsa, a rufe makunnin fetur, in da hali ma a juye man a jarka. In aka kwantar da shi, baƙin mai yakan gangara inda ba wurinsa ba, a je gona a yi ta jan igiya ya ƙi tashi. A ɗaure da igiya ta gaske, ba tsohuwar robar tib da rana ta gasa ba. Watan Disamba na tafe da bukukuwan aure da Kirsimati, za a yi ta jigilar kujeru da rumfuna da janareta daga wannan unguwa zuwa waccan. Ko tafiyar daga Court Road ce zuwa Hausawa, kada a ɗora yaro a kan kaya. Mu ne muka fi kowa cancantar faɗar wannan.

To, da muka ja tirelar daga bayan ɗaki bana, sai wurin da take ya tona mana wani asirin. Ciyawa har gwiwa, ta bushe ƙayau. A ƙarƙashinta tsofaffin tayoyi biyu cike da ruwa da 'ya'yan sauro, ga karan dawa da aka jingine da katanga tun kakar bara, ga kwalaye, ga jarkar fetur ta janareta. Tsakanin wannan tari da murhun uwargida taku biyar ne, mun auna. Da muka ɗaga wani guntun kwano kunama biyu suka fito. Wanda zai taɓa irin wannan tari ya sa takalmi rufaffe, ya fara da manjagara, kada ya fara da hannu.

Abin tsoro a nan wuta ce. Da sanyi ake jin wuta a kasko, ana ɗumama ruwan wanka da asuba, yara suna hura kara a lungu, iska kuwa ba ta kwanciya. 'Yan kwana-kwana na Kano kowace shekara sai sun yi kira a kan wannan. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, wadda ta cinye shaguna sama da 3,000, sun san yadda wuta ke gudu in kome ya bushe. Gidajenmu na Gyadi-Gyadi kuwa katanga ɗaya ce ta raba su, lunguna da yawa motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ciyawar bayan ɗakinmu ba tamu kaɗai ba ce ashe, har da ta maƙwabta.

Shi ya sa ba mu yarda da abin da yawancinmu ke yi ba, watau a tara shara a tsakar gida a cinna mata ashana da yamma. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ga hayaƙin leda da taya da ke shiga ƙirjin jarirai da tsofaffi, a lokacin da tari ya riga ya yi yawa. Kakanninmu sun fi mu dabara a nan. Da rani manoman kewayen Kano sukan shigo birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida, su zuba a gona. Da wannan taki ne gonakin kewayen birni suka yi ta ba da amfani shekara da shekaru ba hutu. Leda ce ta ɓata wannan ciniki, gama manomi ba ya son taki mai leda. In aka ware ta, sauran abin nema ne. Mu mun haƙa rami a kusurwa, mun zuba ciyawa da ganye da toka da kashin kaji, muna yayyafa ruwan wanke-wanke, kafin damina zai zama taki. Ƙarafa da tsohon kwano 'yan gwangwan sun auna sun biya, kuɗin ya sayi giris gwangwani ɗaya har da canji. Leda da kwalabe su ne suka hau tirela zuwa wurin zuba shara.

Manya a cikinmu za su tuna cewa a nan Kano aka ƙaddamar da shirin tsabtace muhalli na gwamnatin soja a watan Yuli na 1985, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a. Daga wannan zamani ne sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo asali. A lokacin tsoron bulala ne ke fito da mutane da tsintsiya. Mu a layinmu bana ba wanda ya kore mu. Gida biyar muka haɗu, kowa ya kawo abin da yake da shi, wani shebur, wani adda, wani baro. Samari suka yashe kwata tun laka ba ta daskare ba, gama in ta bushe sai da diga. Mata suka ware shara. Tirelar ta yi sawu huɗu, ba kuka ba ƙauri.

Jarkar fetur yanzu tana wani ɗan akurki a can ƙarshen gida, nesa da murhu, da bokitin yashi a gefenta. Karan dawa mun kai wa mai awaki. Abin da ya rage shi ne tayar dama, wadda mai faci ya ce ba za ta kai Janairu ba, da kuma fitilar baya guda da ta ƙi kamawa. Ƙanen uwargida ya riga ya aiko cewa a kai inji ranar 15 ga Nuwamba. Uwargida ta ce sai ta ga sabuwar taya da idonta kafin a ɗaura kome, yaron kuwa a gaban mota zai zauna.