Ilimi mai zurfi ya sauko gonar Dogon Kiriya

Manomin Dogon Kiriya, a arewacin Dogon Dutsi, yana shibka hatsi da wake, sannan ya zuba wa sama ido. In ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu ya kwana wofi, samari su kama hanyar cin rani. Maganin wannan matsala yana buƙatar bincike mai zurfi.

Nijar tana da tushe. An buɗe makarantar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Marigayi Abdou Moumouni, wanda jami'ar take ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana. Tun 1975 cibiyar INRAN take aikin kyautata irin shibka. Ƙungiyar CAMES, wadda aka kafa a 1968, tana haɗa jami'o'in ƙasashen Afirka, shirin WASCAL kuma yana horar da ɗaliban digirin dokta a Yamai kan sauyin yanayi da makamashi.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin dokta yana buƙatar kuɗin karatu a kan lokaci, da kayan aiki, da malamai na gida da na waje masu duba aikinsa. In ya rasa su, sai ya tafi ƙetare, ƙasa ta yi asara.

Ya kamata hukumomi su tallafa masa, shi kuma ya sauka karkara, ya saurari manoma, ya mayar musu da sakamakon bincikensa cikin harshen da suke ji.