Daga Madafata: Filin Ƙwallo a Kan Faranti

 

Wata baiwar Allah daga Yawunde ta aiko da tambaya. Yaranta sun matsa mata lamba sai ta yi musu burawni mai ado na ƙwallo ranar da za su tara abokai kallon wasa, ita kuwa ko sunan ba ta taɓa ji ba. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Burawni kek ne na koko, asalinsa daga Amurka. Ba ya kumbura kamar kek ɗin suna, cikinsa da danshi, kuma yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa. Zan ba ki awo, amma sai kin fara jin yadda ya kusa tayar mini da ƙura a gida.

A watan Maris na 2022 ne, ana sauran 'yan kwanaki a ɗauki azumi, Gana da Najeriya suka kara don neman gurbin zuwa gasar kofin duniya a Katar. Wasan farko a nan Kumasi aka yi, a filin Baba Yara, aka tashi babu ci. Na biyu ranar Talata 29 ga wata a Abuja. Maigida, wanda fataucin goro ya kawo shi garin nan, ya gayyato abokan kasuwarsa. Ɗan farina, lokacin yana da shekara goma sha biyu, shi ma ya gayyato 'yan ajinsu. Falo ɗaya, talabijin ɗaya.

Da hantsi na gama kek ɗina, na barbaɗa korriyar kwakwa ta zama ciyawa, na ja fararen layuka, ina ta yaba kaina. Yaron ya dawo daga makaranta, ya tsaya a kan farantin ya yi shiru. Can ya ce, “Mma, kore da fari? Ashe ke ma bayan Baba kike.”

Wallahi ban lura ba. Ni filin wasa na zana, shi tutar Najeriya ya gani. Babansa yana jin haka daga ɗaki ya fito yana murmushi, ya ce ai gaskiya ce ta yi halinta. Yaro ya ce shi dai a Kumasi aka yanke masa cibiya, Black Stars zai bi. Nan fuskar Alhaji ta sauya. “Kai yaro, baƙo raɓa ne. Ka san inda ka fito.”

Na san inda maganar ta samo tushe. Mahaifin Alhaji yana cikin waɗanda suka bar Kumasi a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su fice daga ƙasar. Ya bar rumfa, ya bar bashin da yake bin mutane, ya koma Kano da abin da hannu zai iya ɗauka. Da wannan labari Alhaji ya tashi, shi ya sa har yau ƙafarsa ɗaya tana can gida. Amma yaron nan Kano sau biyu ya taɓa ganinta. Malamansa, abokansa, har wakyen da yake karyawa da shi, duk na nan ne. In ka ce masa shi raɓa ne, to ina ne ƙasarsa?

Na koma madafa na kankare kwakwar tsakiyar fili. Na yanko tauraro daga kwali na ɗora a wurin, na sake shafa madara, na barbaɗa kwakwa a kewaye, sannan na ɗaga kwalin a hankali. Baƙin kek ɗin ya fito a siffar tauraro tsakiyar kore da fari. Yaro ya washe baki. Alhaji ya ce an ɓata masa tuta. Na ce, “Alhaji, kokon na Gana ne, gyaɗar ciki kuwa Hajiya ce ta aiko daga Kano. Wanne kake so in cire?” Bai amsa ba.

To ga awon, da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Ido ba mudu ba ne, ya san ƙima, amma a nan ki bar ido ya huta, ki auna:

Bota narkakkiya, gwangwani 1
Sukari, gwangwani 2, kada su yi tozo
Garin koko zalla, gwangwani 1
Fulawa, gwangwani 1
Ƙwai 3
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza, tafin hannu ɗaya

Wannan na ƙaramin faranti ne mai santimita 20 kowane gefe. In fili kike so mai tsawo, kamar 23 da 33, sai ki ninka komai.

Ki zuba sukari da koko cikin botar tun tana da ɗumi, ki juya. In ta huce ki fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ki buga sosai har ƙullin ya yi sheƙi. Wannan bugun ne ke ba shi ɓawon nan mai ƙyalli a sama. Sai fulawa da gishiri da gyaɗa, ki juya a hankali, da zarar farin ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa ta shiga shi ke sa ya yi tauri. Ki shafa wa faranti mai, ki shimfiɗa takardar gashi, ki juye. A oba, zafi 180, minti 22 zuwa 25, babban faranti kuma ya kai wajen 30. Mai kurfoti ta zuba yashi a babbar tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora farantin a kan murfin gwangwani ko duwatsu uku, ta rufe, ta sa ɗan garwashi a kan murfin.

Kurakurai uku na yi a karon farko, ki guje su. Na yi amfani da garin koko na shayi, mai haɗe da sukari da madara, ya fito zaƙi kamar alewa, launinsa a koɗe. Na sa bakin foda saboda sabo, ya tashi ya zama kek na kullum. Na kuma jira tsinke ya fito tas, ya bushe. Tsinken ya fito da ɗan dunƙule mai danshi, a nan za ki sauke. Kuma kada ki taɓa shi da wuƙa sai ya huce sarai, awa biyu aƙalla.

Ado kuwa, ki goge kwakwa, ki ɗan busar da ita a kasko ba mai, ki ɗiga koren kalar abinci ki murza. Ki shafa madara mai kauri sama-sama don ciyawar ta kama. Layuka, garin sukari ne da ɗigon ruwan lemun tsami, a zuba a leda a yanke bakin kusurwa kaɗan.

Wasan kuwa kun san yadda ya ƙare. Partey ya fara ci, Troost-Ekong ya rama da fanareti, aka tashi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. Unguwa ta kaure da ihu da hon ɗin babura. Yaran falona suka fice a guje, ban da ɗana. Ya ɗauko wuƙa ya yanko gunduwar tsakiya mai tauraron, ya durƙusa ya miƙa wa babansa. Alhaji ya daɗe yana kallonta, sannan ya gutsura. Ya ce, “Kokonku ba laifi. Amma gyaɗar ce ta gyara shi.”

A watan Nuwamba, ranar da Mohammed Kudus ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu, muryar wa na ji ta fi ta kowa a falo? Da na leƙo, sai ya gyara hula ya ce ai shi ɗan Nima yake yabawa, yaron zango ne.

Don haka 'yar'uwa ta Yawunde, kafin ki sayi kala, ki tambayi yaranki wace riga za su sa ranar. In ba irin ta babansu ba ce, kada a mai da abin rashin kunya. A nan suka buɗe ido. Labarin gida kuwa a ba su shi da daɗin baki, sun fi riƙe shi.

Ki rubuto ki faɗa mana yadda naki ya fito. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.