Nijar ba ta da teku, amma tana da haƙƙi a ƙarƙashinsa

Makiyayi a Alakoss, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, ya san abin da ke biyo baya idan aka tone ƙasa: ciyawa ta tafi, iska ta kwaso rairayi ta binne gona da rijiya. Irin wannan ɓarnar ake yi a ƙasan teku, inda ido ba ya kaiwa.

Manyan jiragen kamun kifi na jan taru mai nauyi a kan lakar ƙasan teku, suna tumɓuke halittun da kifi ke ci. Masu yasar yashi kuma na zuƙe kimanin tan biliyan 6 daga tekunan duniya kowace shekara, a ƙiyasin hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023. Da yashin teku aka cike filin Eko Atlantic a Legas.

Yanzu kamfanoni na son haƙo ma'adinan yin batir a can ƙurya, kuma tabon ba ya warkewa da wuri. A 1989 masana sun ja garma a ƙasan teku daura da ƙasar Peru; da aka koma bayan shekara 26, sawun na nan.

Wani zai ce ina ruwan Nijar. Da ruwanta. Tun 2024 ɗanyen man Agadem ta gaɓar Seme a Benin yake fita kasuwar duniya, kuma daga teku kifin ƙanƙara ke zuwa kasuwannin Sahel. Sannan Nijar ta amince da yarjejeniyar dokar teku a 2013, wadda ta ayyana ƙasan tekun da ke wajen iyakokin ƙasashe a matsayin gadon dukkan bil'adama. Wannan ya ba ta kujera a hukumar kula da ƙasan teku da ke Kingston, Jamaika.

A Afrilun 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin gaggauta haƙar, alhali Amurka ba ta cikin yarjejeniyar. Idan masu gado suka yi shiru, mai ƙarfi ne zai raba.

Ya kamata hukumomin Yamai su bayyana wa 'yan ƙasa matsayinsu, su goyi bayan dakatar da haƙar har sai an tsara dokokin kariya da na rabon riba. Ƙasar da ke fama da kwararowar hamada ta san tsadar gyara bayan ɓarna. Rigakafi ya fi magani.