Ba Kowane Zazzaɓi Ne Maleriya Ba

A zamanin annobar Amwas, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya kama hanyar Sham. Da ya isa Sarg sai Abu Ubaida da sauran kwamandoji suka tarye shi da labarin ɓarkewar cutar. Ya tuntuɓi Muhajirai da Ansar, sannan ya juya da jama'arsa Madina. Malamai sukan ciro darasin ƙaddara daga wannan ƙissa. Mu kuwa abin da ya ja hankalinmu shi ne, labari ya riski shugaba kafin cuta ta riski mutanensa, domin waɗanda suka gani ba su ɓoye ba.

A Tudun Wadan Zariya, da jikin yaro ya yi zafi sai a ce maleriya ce, a aika kemis. Sau da yawa hakan ne. Amma sauro yana ɗaukar wasu cututtukan da maganin maleriya ba ya taɓa su. Cutar shawara ta sake ɓulla a Jihar Kwara a Satumban 2017, ta kuma ɓarke a Alkaleri ta Jihar Bauchi a 2019. A Nuwamban 2023 Hukumar NCDC ta tabbatar da zazzaɓin dengi a Sakkwato. Sauron da ke yaɗa su a cikin gari, mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, saboda haka gidan sauro na dare bai wadatar ba. Ƙwansa kuma a ruwan da muka adana yake zubawa: randa, duro, tsohuwar taya, har da tankin alwala na masallacin unguwa. A garin da ƙarancin ruwan famfo ya tilasta wa kowane gida tara ruwa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Sai kaska. Ita ke yaɗa zazzaɓin Kirimiya da Kongo mai sa zubar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kama. Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar ba ta nuna alamar ciwo, kuma jininta na iya harbin mai fiɗa. Iraƙi ta sha fama da shi a 2022, musamman tsakanin mahauta da makiyaya. Duk mai cire wa ragon layya kaska yana murtsuke ta da yatsa ya kamata ya san haka.

Aikin sa ido yana da tsari. Asibiti ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji, sakamako ya isa Kaduna da Abuja. Zariya ba ta rasa masana ba, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Tsangayar Likitancin Dabbobi a Samaru. Sai dai babu ɗayansu da zai ga majinyacin da aka killace a ɗaka ana ta ba shi jiƙo idanunsa suna ƙara zama rawaya. A ganinmu, kai irin wannan majinyaci asibiti yana cikin kiyaye rai, wanda Shari'a ta sanya cikin manyan manufofinta, kuma yin shiru don gudun surutun mutane cutar da maƙwabci ne. Hukuma ita ma ta sani, idan aka ɗebi jini ba a dawo wa iyali da sakamako ba, gobe ba za su sake zuwa ba.

Gaggauta jana'iza sunna ce, ba ma jayayya. To amma wanda ya rasu yana zubar jini bayan zazzaɓi, a sanar da ma'aikatan lafiya kafin wanka, masu wankan kuma su sa safar hannu.

Rigakafin shawara kyauta ake yi wa jarirai a wata tara, kuma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Saudiyya ba ta karɓar maniyyatanmu sai da shaidarsa, shi ya sa Alhaji yake jure dogon layi don katinsa. Muna kira ga limaman Juma'a na Tudun Wada da malaman Islamiyyu su tambayi magidanta: katin jaririn da ke gida fa, an cike shi?