Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Akwai wata ƙasa ta tsibirai arewa da Ostareliya, sunanta Papuwa Niyu Gini, wadda ta sami mulkin kai a 1975. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, dutsenta mafi tsawo, Wilhelm, ya kai mita 4,509, harsunan mutanenta kuwa sun haura 800. Babban birninta Port Moresby, amma mutumin Goroka da ke kan tuddai, in ya so zuwa can, sai ya hau jirgin sama, ko ya gangara Lae ya shiga jirgin ruwa.

To, waɗansu masu hannu da shuni su kan yi hayar ƙaramin jirgi, ko su zo da nasu, su zaga ƙasar cikin 'yan kwanaki. Su sauka ƙauye da hantsi, a yi musu rawa, su ɗauki hoto, kafin gajimare ya rufe duwatsu sun tashi. In sun koma gida sai su ce sun san ƙasar. Ina suka san ta? Wanda bai taɓa kwana a ƙauyen ba, bai taka sawu ɗaya cikin taɓon hanyarsa ba, ai leƙe ya yi.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne filin da su ke sauka. Galibin filayen nan na ƙauye ba su da kwalta, ciyawa ce a gefen tudu, waɗansu ma a karkace su ke, jirgi ya sauka yana hawa, ya tashi yana gangarowa. Mutanen ƙauye ne suka sare kurmi suka baje ƙasa da hannu, su ne kuma ke yanke ciyawa da adda, su yashe magudanar ruwa. In suka bari ya lalace, matuƙa su ƙi sauka, shi ke nan ƙauye ya yanke da duniya. Ba don nishaɗi su ke wannan wahala ba. Ta filin nan a ke fitar da mace mai doguwar naƙuda zuwa asibiti, ta nan magani da malamin makaranta ke shigowa, ta nan buhunan kofi ke fita kasuwa. Ƙungiyar mishan mai suna MAF ta fara irin wannan jigila a ƙasar tun 1951, matuƙinta na farko kuwa a shekarar nan ya rasu cikin haɗari a duwatsu.

Masu kare wannan yawo su kan ce ai baƙo kuɗi ya ke kawowa. Gaskiya ne, amma hannun wa su ke shiga? Kuɗin haya na mai jirgi ne, na mai kuma na ɗan kasuwar birni, na kwana na mai masauki. Abin da ke isa ga mai adda, in ma ya isa, bai wuce tukuicin rawa ba.

Ba a ce a hana baƙo zuwa ba. Amma ya kamata hukuma ta ɗora wa kowane jirgin yawon buɗe ido kuɗin sauka, a damƙa su ga masu gyaran filin. In kuma jirgi zai tashi da kujera babu kowa, ga majinyaci kwance a bakin fili, a wajabta wa matuƙi ya ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa.