Sharhi: Ɗaliban zayyanar tufafi da neman gurbin horo bayan durƙushewar masaƙu

A duk shekara, da zarar an kammala jarrabawar ƙarshen zango, ɗaliban sashen zayyana da ɗinkin tufafi na kwalejojin kimiyya da fasaha, daga Yaba a Legas har Kaduna, kan bazama da takardar makaranta a hannu suna neman wanda zai karɓe su horon sanin makamar aiki. Wasu kan dace da gidan ɗinki mai suna. Wasu kan ƙare a ofishin wani ɗan'uwa, inda ba keke ba almakashi, su riƙa cike littafin horon da ayyukan da ba su yi ba.

Shirin da ke tura su, wanda aka fi sani da SIWES, Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, ne ya ƙirƙiro shi a 1973, shekara biyu bayan kafa asusun kansa. Dalilin a lokacin shi ne koken masu masana'antu cewa ɗalibai na fitowa da ilmin takarda, amma hannunsu bai san inji ba. Ɗalibin ƙaramar difiloma kan yi wata huɗu bayan shekararsa ta farko, sannan ana bukatar ya yi shekara guda yana aiki kafin a ɗauke shi babbar difiloma. Na jami'a, kamar masu karanta zayyanar masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wata shida suke yi.

An gina shirin ne a zamanin da ɗalibin yadi ke da wurin zuwa. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya har unguwar Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata; Kano da Legas da Funtuwa da Asaba duk suna da nasu. A irin waɗannan wurare akwai injiniya, akwai shugaban sashe, akwai wanda aikinsa ne ya duba abin da ɗalibi ya yi ya sa hannu. Galibin masaƙun nan sun rufe a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, sakamakon rashin wutar lantarki, tsadar man da ke tafiyar da injuna da kwararowar yadin waje ta ɓarauniyar hanya.

Sana'ar tufafi ba ta mutu tare da su ba, wuri ta sauya. Yau tana rumfunan Ariaria a Aba, inda ake ɗinka riguna da kayan makaranta ana kai su har ƙasashen maƙwabta. Tana shagunan telolin Kano da ke sayen shadda da atamfa a Kantin Kwari, da hannun masu surfani da aikin babbar riga a Zariya, da masu rinin adire a Abeokuta. Tana kuma ƙananan gidajen zayyana na Legas da Abuja, waɗanda suka ƙara samun kasuwa tun bayan da Omoyemi Akerele ta fara Makon Nunin Tufafi na Legas a 2011. Kusan dukkansu ƙananan wurare ne, da yawa ba su da rajistar kamfani, kuma mai gidan shi ne mai awo, shi ne mai yanka, shi ne mai karɓar kuɗi. Tsarin horon kuwa har yanzu kamfani mai hatimi da takarda mai tambari yake nema.

Abin da ɗalibi ke rasawa a wannan giɓi ba ƙarami ba ne. A aji ana koya masa zana fasalin riga a takarda da auna gunkin gwaji, wanda ba ya motsi, ba ya ƙorafi. A shago ne zai ga macen da kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, da amaryar da ta sauya ra'ayi bayan an yanka leshi, da yadda ake fitar da riga da zani da ɗankwali daga yadi shida ba tare da an ɓata zanen atamfar ba. A nan zai koyi sa farashi: kuɗin zare, shafi, maɓalli, man janareto da ladan mai guga. Wanda ya yi kwana goman ƙarshe na azumi a shagon tela, ana ɗinki har asuba, masu kaya na tsaye a ƙofa, ya san abin da alƙawari yake nufi a wannan sana'a fiye da wanda ya karanta shi a littafi.

Samun gurbi ma ba shi ne samun horo ba. Yadi na da tsada, kuma kuskuren almakashi ba ya gyaruwa, don haka mai gida ba ya saurin miƙa wa baƙo yanka. Ɗalibi na iya share watanninsa huɗu yana guga, yana sa maɓalli, yana zuwa kasuwa sayo zare. Yaron shago na gargajiya ma da haka yake farawa, sai dai shi yana da shekaru a gabansa kafin a yaye shi. Ɗalibin da zai koma makaranta bayan mako goma sha shida ba shi da wannan sararin, kuma mai gidan ya san ba zai ci moriyar koyarwar ba.

Sai batun kuɗi. Alawus ɗin da aka daɗe ana bai wa ɗaliban SIWES naira 2,500 ne a wata, kuma sau da yawa sai bayan an gama horon yake fitowa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, wato alawus ɗin bai kai kashi 4 cikin 100 nasa ba. Ɗalibar da ke karatu a Kaduna, ta samu kira daga wani gidan zayyana a Legas, dole ta nemi masauki da kuɗin mota da abinci daga aljihun iyayenta. Sakamakon a bayyane yake: guraben da suka fi amfani kan tafi ga masu dangi a birni ko masu hali, kuma daga cikin waɗanda suka yi horo a wurin ne gidajen kan ɗauki ma'aikata daga baya.

Ba Najeriya kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, kamfanin Condé Nast, mai mujallar Vogue, ya dakatar da shirinsa na ɗaukar ɗalibai a 2013 bayan wasu tsofaffin masu horo sun kai shi kotu kan rashin biyan su haƙƙinsu, ya kuma amince da biyan dala miliyan 5.8 a 2014 don sasantawa. A Faransa, doka ta wajabta biyan duk ɗalibin da horonsa ya wuce wata biyu. Kwaikwayon irin wannan doka kai tsaye a nan zai iya sa telan da ke da keke uku ya daina karɓar kowa, tunda shi ma da ƙyar yake biyan haya.

Hanyar da ta fi kusa tana hannun hukumomin da ke akwai. Hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa, NBTE, na da tsarin tantance ƙwarewar masu sana'ar hannu da ba su shaida, ko da ba su taɓa shiga kwaleji ba. Idan aka tantance ƙwararrun teloli da marina da masu surfani ta wannan hanya, makarantu za su samu jerin wuraren da za su tura ɗalibai a garuruwansu, da sa hannun da za a amince da shi. Ƙungiyoyin teloli, waɗanda ke da rassa a kusan kowace kasuwa, sun san wanda ya iya da wanda ke koyarwa da gaske.

Abin da ya rage shi ne wanda zai biya yadin gwaji. Muddin kayan mai kaya ne a kan tebur, almakashi zai ci gaba da zama a hannun mai gida. Ko da yadi goma na akoko makaranta ta haɗa wa kowane ɗalibi, zai samu abin da zai yanka ya ɓata tun makon farko.